Haƙoran tekunmu suna kan tudu, a hana yara nutso a tafki

Assalamu alaikum Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu in yi magana a kan wani abu da ya shigo wayoyin samarinmu a nan Damagaram, wanda nake tsoron kafin ruwan bana ya ɗauke ya ci ran ɗan wani. Bidiyo ne na Turawan Amurka masu nutso cikin teku ko kogi, su taso riƙe da haƙoran kifin shak na zamanin da, baƙaƙe wuluk, wani ya cika tafin hannun babban mutum, a ƙasa kuma an rubuta dubban dalolin Amurka da aka sayar da shi. A kowace fada ana ta miƙa wayar hannu da hannu. Ni tsohon malamin kimiyyar halittu da ta ƙasa ne, na koyar a kwaleji a Tanut, daga baya a nan birni har na aje aiki, kuma irin waɗannan duwatsu na san su tun ba a san wayar salula ba.

Abin da ake nunawa gaskiya ne. A jihar Fulorida akwai wani gari a bakin teku mai suna Venice, wanda ya yi suna a duniya saboda haƙoran nan, har biki suke yi musu. Mutum yakan shiga ruwa iya gwiwa ko iya ƙugu da rariyar ƙarfe mai dogon mariƙi, ya ɗebo tsakuwa, ya girgiza, yashi ya zube, ya tsince ƙananan haƙora. Wasu sukan sa gilashin ido da gajeren bututun numfashi su kwanta rubda-ciki a saman ruwa suna duban ƙasa. Masu neman manya kuwa jirgin ruwa suke hawa, su goya tukunyar iska, su sauka zurfin mita takwas ko goma. A Karolina ta Kudu akwai kogin Cooper, ruwansa baƙi ne, da fitila ake shiga kuma da ƙyar mutum yake ganin hannunsa, ga igiyar ruwa mai ja, ga kadoji. Da yawa daga manyan haƙoran da yaranmu ke kallo daga irin wuraren nan suke fitowa.

Dalilin yawan haƙoran kuwa yana cikin halittar kifin. Shak ba shi da ƙashi, guringuntsi ne jikinsa, in ya mutu sai ya ruɓe ba a ga komai ba. Haƙori ne abu mafi tauri a jikinsa, kuma jeri-jeri suke a bakinsa, na gaba yana faɗuwa na baya yana matsowa, ta yadda kifi ɗaya kan zubar da dubbai kafin ya mutu. Wanda ya faɗa cikin laka aka binne shi da wuri, ma'adinan ƙasar sukan ratsa shi sannu a hankali, ya yi nauyi, ya ɗauki launin ƙasar da ya kwanta ciki, baƙi ko toka-toka ko ruwan ƙasa. Turawan ma sun daɗe ba su gane abin ba. Na tsibirin Malta sun ɗauka harsunan macizai ne da suka zama dutse, suna rataya su don maganin dafi. Sai a 1666 masunta suka kama wani ƙaton shak kusa da Liborno a Italiya, aka kai kansa ga wani likita ɗan Danmak, Nicolas Steno, ya duba haƙoran, ya gwada su da duwatsun, a 1667 ya rubuta cewa abu ɗaya ne.

To ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Wata Juma'a bayan la'asar ina dawowa daga gaisuwar mutuwa, na bi ta gefen tafkin da ke bayan unguwarmu, sai na tarar da yara sun yi cincirindo. Ɗaya yana tsaye cikin ruwa iya ƙirji, ya ɗaga bakin wani tiyon ban-ruwa sama, ɗaya bakin kuwa ya nutse. Kafin in ƙarasa sai ga wani yaro ya taso, bai fi shekara goma sha uku ba, da gilashin masu walda ɗaure a fuska da roba, yana tari kamar ransa zai fita, idanu jawur, laka har cikin kunne. Na ce, "Kai yaro, ɗan gidan wa ne kai? Me ka jefar a ciki?" Ya ce, "Baba, ba mu jefar da komai ba, haƙorin shak muke nema. An ce guda ɗaya yana sayen babur." Na sa suka fito duka, na karɓe tiyon, na raka shi har ƙofar gidansu na yi magana da mahaifinsa. Mutumin kirki ne, yana kasuwa tun safe, bai san inda ɗansa yake yini ba.

Ina so iyaye su fahimci haɗarin tiyon nan, domin yaran suna ganin dabara ce. Bututun da Bature yake sawa a baki bai wuce santimita 40 ba, kuma fuskarsa kawai ke cikin ruwa, bayansa yana waje. Ba rowa ta sa aka gajarta shi ba. In mutum ya sauka ko da mita ɗaya ne, nauyin ruwa yakan danne ƙirjinsa har ya kasa jawo iska daga sama. Sannan in bututu ya yi tsawo, iskar da ya fitar ba ta kaiwa waje, tana nan maƙale a ciki, ita zai sake shaƙa, har kansa ya yi jiri ya suma bai sani ba. Wanda ya suma a ƙarƙashin ruwa ba ya ihu, ba ya fafutuka, abokansa suna tsaye a baki suna yaba masa daɗewa. Haka ma gasar da suke yi ta ja numfashi da sauri-sauri kafin a nutsa don a daɗe. Wannan yana kashe jin buƙatar numfashi ne kawai, iskar da ke cikin jini tana ƙarewa yaro bai ji gargaɗi ba.

Masu tukunyar iska kuwa sai sun yi karatu an ba su takardar shaida. Ana koya musu cewa kowace mita goma ta zurfi tana ƙara wa jiki nauyi daidai da na dukan iskar da ke samanmu, kuma wanda ya riƙe numfashi yana tasowa, iskar huhunsa za ta kumbura ta yaga huhun. Ba a shiga sai da abokin tafiya. Duk da haka ana mutuwa. Vito Bertucci, wanda ya shahara da wannan sana'a har ya harhaɗa muƙamuƙin ƙaton shak da haƙoran da ya tsinto da hannunsa, a wajen nutson neman haƙora ya rasu a ruwan jihar Jojiya a 2004. In gwani mai kayan aiki ya tafi haka, ina ga ɗan shekara goma sha uku da gilashin walda?

Tafkunanmu kuma kowa ya san su. Da yawansu kududdufai ne da aka haƙi ƙasar gini, bakinsu ba zurfi, taku biyu gaba sai rami. Ƙasansu laka ce mai riƙe ƙafa, da fasassun kwalabe da gwangwanaye da duk abin da ruwan sama ya kwaso daga lunguna. Wanda ya fito lafiya ma sau da yawa yakan fito da tsargiya, bayan ƴan makonni a ga jini a fitsarinsa. Ba damina da za ta wuce ba mu ji an tsamo gawar yaro a wani wuri ba, tun ma ba a ƙara musu kwaɗayin babur ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ko sun kwashe tafkin nan da cokali ba za su sami haƙori ko ɗaya ba. Birnin Damagaram a kan dutsen giranit yake zaune, manyan duwatsun nan da ke Birni da kewaye. Giranit narkakken dutse ne da ya huce a can ƙarƙashin ƙasa, babu wata halitta da za ta bar sawu a cikinsa. Shi ne kuma ya hana mu ruwan rijiya wadatacce, har sai an jawo mana daga Gogo da Arunguza da Ganaram. Wanda ke neman abin teku a nan ya ɓata hanya tun daga gida.

Amma teku ta taɓa kwanciya a ƙasar nan, kuma wannan ne nake so yaranmu su sani. Tsakanin kimanin shekara miliyan 100 zuwa miliyan 50 da suka wuce, ruwan teku ya sha malalowa ya ratsa inda Sahara take yanzu, ya janye, ya sake dawowa, wani lokaci har ya haɗa tekun arewa da ta kudu wajen gaɓar Gini. Teku ce marar zurfi sosai, mai ɗumi, cike da kifaye. Shaidarta tana ko'ina ga mai ido. Farar ƙasar da ake yin siminti da ita a Malbaza da Kalambaina ta Sakkwato a gindin wannan ruwa ta taru. Man Agadem da ake tacewa a matatar da ke kan hanyar Tanut tun 2011, babban tushensa lakar teku ce ta wancan zamani. A jihar Tawa akwai tudun Igdaman wajen Kawo, inda ƙasa take cike da haƙoran kifi. Wani masani Bafaranshe, Henri Cappetta, ya yi nazarinsu a 1972, har ya raɗa wa wani faffaɗan kifi ɗan'uwan shak suna Igdabatis saboda tudun. A ƙasar Sakkwato an tono ƙaton ƙadangaren teku da aka sa wa Goronyosaurus, sunan Goronyo ke nan ya shiga littattafan duniya.

Mu ma jiharmu tana da rabonta, a Damargu. Tun 1909 wani mai binciken ƙasa, René Chudeau, ya bayyana duwatsun da ake kira amonit na tuddan Damargu, wato ɓawon wata dabbar teku ta zamanin da wanda ya zama dutse, waɗanda shekarunsu suka haura miliyan 90. Lokacin da nake koyarwa a Tanut nakan fita da ɗalibai da sanyin safiya bayan an gama girbi, mu nufi gindin tuddan, inda ruwan damina ya zaizaye gefe ya bar kwazazzabai. Ba a haƙa komai. Tafiya ake yi a hankali, kai a sunkuye, rana tana bayanka don inuwa ta fito da siffar abu. Abin da aka fi samu ɓawon kawa ne, mai kauri, mai lanƙwasa, wani wuri sai ka taka shi ba adadi. Sai amonit, dutse naɗaɗɗe kamar gammo, in ka tofa masa yawu ka goge sai zane ya fito a jikinsa, siriri mai rassa. Haƙori kuwa sai an dace. Na tuna wata yarinya ƴar aji uku, marar yawan magana, da ta tsuguna ta daɗe, sannan ta zo ta buɗe hannu ta ce, "Mushe, wannan ƙaya ce ko me?" Tsawonsa bai kai gaɓar ɗan yatsa ba, launin zuma, yana ƙyalli, tsininsa har yanzu yana iya huda fata, da wasu ƙananan tsinaye biyu a gefe da gefe, ga saiwarsa mai reshe biyu. Na ce mata haƙorin shak ne, kuma nan inda take tsaye ruwa ya taɓa shanye tsawon itacen gawo. Ta waiga ta dubi fili, ba komai sai ƙaya da awaki. Ajin nan duka har ƙarshen shekara ba wanda ya sake yin barci a darasina.

Wani dattijo makiyayi da ya gan mu ya ce su a wurinsu sauran ruwan Ɗufana ne. Ban yi gardama da shi ba, na dai gaya masa abin da masu auna shekarun duwatsu suka samu. Abin da na riƙe daga maganarsa shi ne mutanen wurin sun riga mu sanin cewa ruwa ya taɓa rufe ƙasarsu, kuma sun san kowane kwazazzabo da abin da ke cikinsa fiye da kowane baƙo.

Sai dai a sani, ƙaton haƙorin nan na cikin waya ba namu ba ne. Na wani shak ne da ake kira megalodon, wanda ya rayu daga kimanin shekara miliyan 23 zuwa miliyan 3.6 da suka wuce, haƙorinsa mafi girma yakan kai santimita 18. Kafin ya bayyana tekunmu ta riga ta kafe da miliyoyin shekaru. Namu ƙanana ne, amma sun girme shi nesa ba kusa ba. Saboda haka duk wanda ya nuna maka haƙori cike da tafin hannu ya ce a Nijar aka tsince shi, ko dai shigo da shi aka yi ko kuma ƙera shi aka yi. Kasuwar Maroko, inda ake samun haƙora da yawa a ramukan fosfat na Kuribga, ta san haɗa saiwar jabu da gam da garin dutse. Can Amurka ɗin ma, mai dubban daloli ɗaya ne cikin tarin da ba ya ƙirguwa, sauran a kwalba ake zuba su a sayar wa yara da kuɗin alewa. Mai ɗaukar bidiyo ba ya nuna kwanakin da ya fito hannu wofi, ko kuɗin jirgi da na iskar da ya biya.

Akwai haɗari na biyu, kuma da na yi shiru a kansa da wasiƙar nan ta zama talla. Da zarar an ce akwai abin teku a Damargu, wani zai ji kuɗi. Wani tsohon ɗalibina da ke harkar sufuri a hanyar arewa ya gaya mini ya ga mai saye yana bin ƙauyuka yana karɓar duwatsu masu zane da tiya, yana ba yara abin da bai kai kuɗin kwanon gero ba, yana ɗurawa a buhu. Haƙorin da aka zuba a buhu tare da ɗari irinsa ya mutu sau biyu. Darajarsa a wurin masani tana ga sanin inda aka same shi, a wane tudu, a wane jerin ƙasa, tare da me. In wannan ya ɓace sai ya zama tsakuwa mai kyau kawai. Mun kuwa ga yadda abin yake ƙarewa. Dutsen da ya faɗo daga duniyar Mars, mai nauyin kusan kilo 25, da aka tsinta a jihar Agadas a Nuwamban 2023, a watan Yulin 2025 aka yi gwanjonsa a Niyok a kan dalar Amurka miliyan 5.3, sai daga baya hukumominmu suka buɗe bincike a kan yadda ya fita.

Waɗanda yaranmu ke kallo ma ba sakaka suke yi ba. A Fulorida haƙorin shak kowa na iya tsinta, amma ƙashin wata dabba ta da a filin gwamnati sai da takardar izini daga gidan tarihin jihar, kuma sai ka ba da rahoton abin da ka samu. A Karolina ta Kudu mai nutso yana yankar lasisi, yana kai rahoto duk wata uku. Mu ma muna da doka mai lamba 97-022 ta ranar 30 ga Yuni 1997 da ke kare kayan tarihin ƙasa. Kuma mun ga amfanin ajiya a gida. Ƙasusuwan manyan dabbobin zamanin da na Gadufawa a jihar Agadas, waɗanda wani masani Bafaranshe, Philippe Taquet, ya fara tonowa wajen 1965, ga wasunsu can a gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai, duk ɗan makarantar da ya je ya tsaya gaban ƙatuwar dabbar nan Ouranosaurus ko ƙaton kadan nan Sarcosuchus ba ya mantawa. Me zai hana ɗan Tanut ya ga amonit ɗin garinsu a cikin gilashi a nan Damagaram, da sunan ƙauyen da aka samo shi a rubuce?

Roƙona na farko ga iyaye ne da masu unguwanni da limamai. A yi maganar tafki a masallaci da wurin suna da wurin ɗaurin aure tun yanzu da ruwa ya cika, a gaya wa yara a fili cewa babu haƙori a ciki, domin hani kawai ba ya hana yaron da ya ƙudurta babur a ransa. Shugabannin fada su ma suna da baki, ƙannensu sun fi jin maganarsu a kan tamu. Gidajen rediyonmu su ba malaman kimiyya ko minti goma ne su yi bayani da Hausa.

Ga malamai ƴan'uwana da ke Tanut da kewaye, ku fita da ɗalibai, da sanin mai gari da iznin iyaye, kuma kada a yi nisa da gari a wannan zamani. Kayan aikin ba su da tsada, kwalin ashana ne da ƴar takarda da biro. Kafin a ɗaga abu a ɗauki hotonsa a inda yake kwance, a aje biro kusa da shi don a ga girmansa. A rubuta sunan wurin da ranar da sunan yaron da ya gani, a naɗe tare. A ɗauki kaɗan a bar saura. In an ga ƙashi babba ya leƙo daga ƙasa kada a taɓa shi, a sanar da hukuma, domin tono ba bisa ƙa'ida ba yana farfasa shi. Ina kuma fata malaman ilimin ƙasa na Jami'ar André Salifou za su buɗe ƙofa ga irin waɗannan kwalaye, su turo ɗalibansu su taya makarantu tantance abin da aka tara.

Ni dai ina da kwali guda na abin da muka tsinto a shekarun Tanut, kowane da takardarsa, wasu da rubutun yaran da yanzu sun zama iyaye. Duk malamin da yake so ya ara don darasi, ya nemi ni ta hannun jaridar nan, zan kai masa har aji in ƙafa ta yarda. Kai kuma Edita, in sanyi ya shigo ciyawa ta bushe, ka turo wakilinka da mai ɗaukar hoto su je Damargu, su fara gaida mai gari, su nemi makiyayi ya yi musu jagora, su buga wa masu karatu abin da suka gani.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Tsohon malamin makaranta,
Unguwar Birni, Damagaram